Tambaya da Amsa: Mu sayi manhajar haɗa makin ɗalibai ko mu haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a wata makarantar kuɗi a Zariya, aji huɗu nake riƙewa. Duk ƙarshen zango sai na yi kwana uku ina fama da kalkuleta, makin gwaji daban na jarrabawa daban, ƙarshe kuma a samu kuskure iyaye su zo suna faɗa. Yanzu wani ya kawo wa mai makarantarmu manhaja wai a riƙa biya kan kowane yaro duk zango. Don Allah mu saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, sannu da fama. Ni dai a nawa ganin kar ku yi gaggawar fidda kuɗi tukuna. Ki fara da Google Sheets, manhajar jera bayanai da lissafi a jadawali irin Excel, kyauta ne, yana hawa wayar Android, kuma ana iya saita shi ya buɗe ko babu data, in sabis ya dawo sai ya tura abin da kika shigar. Ki jera sunayen yara, gwaji na ɗaya, na biyu, jarrabawa, fomular SUM ta tara miki, RANK ta fidda wa ya zo na ɗaya wa ya zo na biyu, sau ɗaya za ki rubuta ki ja ta har ƙasa shi ke nan.

To amma fa tara maki shi ne ƙaramin aikin. A ce yaro ya ci 45 a lissafi, me kika gane? Ba komai wallahi. Ki raba shi gida-gida, tarawa daban, ɗebewa daban, sau daban, rabawa daban, ki saita duk makin da bai kai rabi ba ya koma ja da kansa, tun sati na huɗu za ki ga ashe rabin ajin a rabawa suka maƙale, ba sai an rufe makaranta ba. Kusan irin tunanin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta gina tsarinta na TaRL (koyarwa daidai da matakin yaro) a kai ke nan, a gwada yaro a ga harafi yake iya karantawa, ko kalma, ko labari, a koyar da shi daga inda ya tsaya.

Google Forms na iya duba gwaji da kansa, sai dai wannan na 'yan sakandare ne masu shirin JAMB, wadda ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. 'Yan aji huɗu ina suka ga waya?

In mai makaranta ya nace sai an saya, ku tambayi mai tallan: ranar da muka daina biya za mu iya sauke makin yaranmu a Excel? Wa da wa ke ganin bayanan? Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma na yara sun fi buƙatar kulawa. Don Allah kar a tura sakamakon aji gaba ɗaya a guruf ɗin iyaye na WhatsApp, kowa a ba shi na ɗansa. Ki kuma riƙa buga shi a takarda duk zango ki ajiye a ofis, waya tana faɗawa ruwa.