Tambayi Likita: Me ya haɗa jijiya, ɓargo da kumburi?

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan wani sinadari guda da likitoci ke kira NGF, wato sinadarin tsirar da jijiya. Jijiyar da muke nufi ita ce mai kai saƙon zafi da taɓi zuwa ƙwaƙwalwa, ba ta jini ba.

Tambaya, daga wani ɗalibin aikin gwaje-gwajen asibiti a Kano: Likita, an ce mana a aji wai akwai jijiyoyi har cikin ɓargo, kuma NGF ne ke riƙe da su. Ina ruwan jijiya da wurin da ake yin jini?

Amsa: Da ruwanta sosai, Malam. NGF furotin ne da fata, ƙashi da sauran sassan jiki ke fitarwa, jijiya ta tsince shi a bakinta, ta tura shi har uwar ƙwayarta. Jijiyar ɗan tayi da ba ta samu rabonta ba mutuwa take yi. Wata likita ’yar Italiya, Rita Levi-Montalcini, ita ta gano shi a shekarun 1950 a Jami’ar Washington da ke Sen Luwis ta Amurka, bayan ta ga jijiyoyin ɗan tsakon da ke cikin ƙwai suna tururuwa zuwa ga tsokar kansar ɓera da aka dasa masa. Abokin aikinta Stanley Cohen ya tace sinadarin, ya same shi da yawa a dafin maciji da kuma wurin da yawun ɓera namiji ke fitowa. Su biyun suka raba kyautar Nobel a 1986.

Jijiyoyi suna shiga ɓargo ne ta ramukan da jijiyoyin jini ke bi, suna nannaɗe da su. Iri biyu ne: masu jin zafi, da masu aiki ba da saninka ba, irin waɗanda ke sa zuciya bugawa da sauri. Na biyun suna sakin noradiranalin, shi kuma ya sa ƙwayoyin da ke tallafe da ɓargo su rage wani sinadari, CXCL12, wanda ke riƙe iyayen ƙwayoyin jini a mazauninsu. Da ya ragu sai wasunsu su fito cikin jini. Ɗakin binciken Paul Frenette a Niyok ya nuna a 2008 cewa fitowar nan tana bin dare da rana.

A 2023 rukunin Sean Morrison a Dallas ya toshe NGF a ƙwayoyin tallafin ɓargon ɓeraye. Jijiyoyin ɓargon suka ɓace. Duk da haka ɓerayen suka ci gaba da yin jini lafiya lau, sai da aka ƙona ɓargon da hasken gashin kansa ko maganin kansa sannan matsalar ta bayyana: farfaɗowarsa ta yi rauni. Wato ranar gyara ce ake neman jijiyar. Wannan ya dace da abin da aka gani tun da farko, cewa magungunan kansa masu lalata jijiya, irin su sisfilatin da binkiristin, suna jinkirta farfaɗowar ɓargo a ɓeraye, kuma masu ciwon suga sukan ba da wahala idan ana son fito da iyayen ƙwayoyin jininsu don dashen ɓargo.

Tambaya, daga wata malamar jinya a Zariya: To NGF kumburi yake kawowa ko kwantar da shi yake yi? Littafi ɗaya ya ce wannan, ɗayan ya ce wancan.

Amsa: Duk littattafan biyu sun faɗi gaskiya, Malama, kowanne ɓangare guda ya kalla. Idan wuri ya ji rauni, sinadaran kumburi irin su IL-1 da TNF suna sa ƙwayoyin wurin su ƙara fitar da NGF. Shi kuma yana da makarɓa biyu, wato wuraren da yake kamawa a jikin ƙwaya, TrkA da p75. Idan ya kama TrkA a bakin jijiyar jin zafi, cikin mintuna sai ya ƙara wa TRPV1 kaifi, makarɓin nan da ke jin zafin wuta da yajin barkono. Cikin kwanaki kuma jijiyar ta ƙara yin sinadarai biyu, P da CGRP, masu buɗe hanyoyin jini su sa ruwa ya tsatso. Shi ya sa gaɓar da ta kumbura ko zane ya taɓa ta sai mutum ya zabura.

Ga inda ɓargo ya shigo. Ƙwayoyin mast, masu ɗauke da histamin ɗin da ke kawo borin jini da ƙaiƙayi, asalinsu daga ɓargo ne, kuma suna da TrkA. NGF yana sa su zubar da kayansu, su ma suna fitar da NGF, sai abin ya riƙa ciyar da kansa. An sami NGF da yawa a ruwan gaɓar masu amosanin gaɓɓai da kuma jinin masu asma.

Amma a kan fararen ƙwayoyin jinin da ake kira monosait, gwaji a kwalba ya nuna akasin haka: NGF ta hanyar TrkA yana rage musu IL-1 da TNF, ya ƙara IL-10 mai kwantar da kumburi. A yara masu daɗaɗɗen amosanin gaɓɓai an ga TrkA ya ragu a waɗannan ƙwayoyin, birkin ya saki ke nan. Don haka idan kika ga sakamako ya ce NGF ya hau, ki tambaya: a wace ƙwaya, ta wane makarɓi, kuma cikakken NGF ne ko ɗanyensa da jiki bai gama sarrafawa ba, wanda ya fi son p75?

Tambaya, daga wani dattijo a Gusau: Gwiwoyina sun hana ni ruku’u. Ɗana ya ce akwai allurar da ke toshe wannan sinadarin. A ina ake samunta?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Ba a amince da ita ga mutane ba, duk wanda ya kawo muku ita da sunan ta toshe NGF, kada ku yarda. Sunanta tanezumab, kamfanonin Pfizer da Eli Lilly suka gwada ta, miligiram 2.5 ko 5 a ƙarƙashin fata duk mako 8. Ta rage zafi, ba musu. Sai dai a wasu majiyyatan gaɓar ta lalace da sauri har sai da aka sauya ta da ta ƙarfe, abin kuma ya fi muni ga masu haɗa ta da irin su dikulofenak da ibufurofen na tsawon lokaci. Hukumar magunguna ta Amurka ta dakatar da gwajin a 2010, aka dawo daga baya, a Maris 2021 kwamitin masananta ya ƙi ta da ƙuri’a 19 da 1, kamfanonin suka haƙura a Oktoba na shekarar. Dalili biyu ake kawowa: gwiwar da ta daina ciwo ana ɗora mata nauyin da ba za ta iya ba, sannan ƙashi kansa yana buƙatar NGF wajen gyara, don a ɓeraye toshe TrkA yana jinkirta ɗinkewar karaya. Karnuka da kyanwoyi dai suna da tasu, Librela da Solensia, allura sau ɗaya a wata.

Ku je a yi hoton gwiwar kuna tsaye, don a kwance ba ya nuna yadda gaɓar ta matse. Rage ƙiba da motsa jiki mai ƙarfafa cinya suna aiki fiye da yadda ake zato. Dikulofenak na shafawa ya fi na haɗiya aminci ga ciki da ƙodar mai shekaru.

Tambaya, daga wata uwa a Maraɗi: ’Yata mai sikila ce, ciwon ƙashinta ba ya gushewa ko bayan rikicin ya lafa. Da alaƙa da wannan?

Amsa: Akwai, Hajiya, ko da yake ba NGF kaɗai ba ne. Ciwon ƙashin sikila daga ɓargo yake tasowa: jini ya toshe, wani sashen ɓargon ya rasa iska ya mutu, kumburi ya biyo baya a cikin ƙashin da ba ya buɗewa, jijiyoyin wurin su sha matsi. Shi ya sa jarirai ke fara kumburin hannu da ƙafa, don ƙananan ƙasusuwansu suna da jan ɓargo a lokacin. Binciken Jami’ar Minesota na 2013 a kan ɓeraye masu sikila ya nuna ƙwayoyin mast suna tsokanar jijiyoyin zafi, da aka kwantar da su ciwon ya ragu. Jijiyar da aka yi ta tsokana takan zauna da kaifinta.

Abin da ke hannu yau shi ne rage yawan rikicin. Maganin haidiroksiyuriya, da likita kan fara a kan miligiram 15 zuwa 20 ga kowane kilo na nauyin yaro a rana, yana ƙara irin jinin jarirai mai hana ƙwayoyin jini lanƙwashewa, yana kuma rage fararen ƙwayoyin da ke taimakawa wajen toshewar. Dole a riƙa auna jini, don idan maganin ya yi yawa ɓargon yake dannewa. A gasa wurin da ruwan ɗumi, ban da ƙanƙara. Zazzaɓin da ya kai 38.5, ko ciwo a wuri guda da ya ƙi tafiya, a tafi asibiti, yana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga ƙashin. Ciwon ƙugu da ɗingishi kuma a nemi hoto da wuri.

Tambaya, daga Yamai: Ana tallar ƙwayoyin sha a Facebook wai suna ƙara NGF. In saya?

Amsa: A’a. NGF furotin ne, ciki narkar da shi yake yi kamar nama. Ko da allura, babban gwajin da aka yi wa masu lalacewar jijiya ta ciwon suga, wanda aka buga a 2000, bai nuna amfani ba, sai zafi a wurin allurar. Inda ya yi nasara shi ne ido: Oxervate, ɗigo ɗaya sau 6 a rana na mako 8, ga gyambon baƙin ido da mutuwar jijiya ta haddasa, kuma likitan ido ne kawai ke rubuta shi.