Tambayoyin Masu Karatu: In Sabunta Fasfo Ko Lasin Tuƙi Ya Ishe Ni?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina sana'ar atamfa da shadda a Kantin Kwari. Saura wata biyar fasfona ya ƙare, kuma tun da na yi Umara da shi ban sake fita ba. Da lasin tuƙina nake hawa jirgi zuwa Legas, da shi nake harkar banki. Da na ji kuɗin sabuntawa sai na ga kamar asara ce. In bar shi ya mutu kawai? (Daga wani ɗan kasuwa, Fagge)

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Muddin harkarka a cikin Najeriya take, lasin ya ishe ka. Jiragen cikin gida suna karɓarsa a filin jirgin Malam Aminu Kano, bankuna ma haka. Amma ƙarfinsa a bakin iyaka yake ƙarewa. Lasin shaida ce cewa an gwada ka an yarda ka tuƙa mota, kuma hannun hukumomi uku ne a kansa: Hukumar Kiyaye Haɗurra (FRSC), jami'an VIO masu gwajin tuƙi, da hukumar tattara haraji ta jiha. Ko baƙon da ke zaune a ƙasar nan bisa ƙa'ida yana iya mallakarsa, shi ya sa ba a ɗaukarsa shaidar zama ɗan ƙasa. Fasfo kuwa Hukumar Shige da Fice ce ke bayar da shi, shi ne yake gaya wa wata ƙasa cewa kai ɗan Najeriya ne, kuma da lambarsa ake ba ka biza.

Wata biyar ɗin da kake lissafi ma ba su da amfani. Saudiyya da Dubai suna son fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida, ofishin jakadancin Sin ma haka yake nema kafin ya ba da biza. Ke nan a wurinsu naka ya riga ya mutu, kuma tun a teburin awon kaya ma'aikatan jirgi za su mayar da kai. Fasfo mai shekara biyar, shekara huɗu da rabi yake yi wa mai shi aiki.

Maganar kuɗi kuwa, kana da gaskiya, ya yi tsada. Mai shafi 32 na shekara biyar ya tashi daga ₦35,000 zuwa ₦50,000 a Satumbar 2024, sannan ya koma ₦100,000 daga 1 ga Satumba, 2025. Mai shafi 64 na shekara goma ya tashi daga ₦70,000 zuwa ₦100,000, daga nan ya kai ₦200,000. In ka raba, kowannensu ₦20,000 ne a shekara. Ribar mai shekara goma ita ce sau ɗaya za ka bi layi, sau ɗaya za ka yi asarar watanni shidan ƙarshe, kuma in an sake ƙara kuɗi kai ka riga ka wuce wurin. Sai wanda ya kai shekara 18 ake ba shi.

Shawararmu gare ka ita ce ka sabunta. Ɗan Kwari ba ya sanin ranar da uban gida zai ce ya raka shi Guangzhou, ko wani ya ba shi kujerar Umara a Ramadan, ko, Allah ya kiyaye, a ce a fitar da mahaifi asibiti Masar ko Indiya. Ba a samun fasfo rana ɗaya, kuma gaggawa ce ke jefa mutum hannun 'yan cuwa-cuwa. Mai niyyar aikin Hajji shi ma da wuri Hukumar Jin Daɗin Alhazai take neman fasfonsa. Wanda zai iya barin nasa ya mutu ba tare da fargaba ba shi ne wanda ba shi da niyya, ba shi da dalili, kuma in tafiya ta taso zai iya jiran wata biyu ko uku.

Yadda ake yi: ka cika fom a shafin intanet na Hukumar Shige da Fice da lambarka ta shaidar ɗan ƙasa (NIN), ka biya a nan cikin shafin, ka zaɓi ofishi da rana (akwai na Farm Centre, akwai na Dawakin Kudu), ka buga takardar biyan kuɗi da ta ranar zuwa, sannan ka je da tsohon fasfon a ɗauki hotonka da tambarin yatsu. In yaron kafe ne zai cika maka, zauna kusa da shi, ka karanta kowane layi da bakinka kafin ya tura. Lambar waya da imel su zama naka, ba nasa ba.

Inda aka fi samun cikas shi ne suna. Bayanan fasfo daga NIN ake jawo su, don haka dole su zo daidai harafi da harafi. Mu kuma a nan mutum ɗaya sai ka same shi Muhammad a NIN, Mohammed a fasfo, Muhammadu a lasin. Wani Garba ne a takardar makaranta, Abubakar a katin ɗan ƙasa. Wani ya sa sunan garinsu, Bichi ko Gwarzo, a matsayin sunan ƙarshe a wannan takarda, a waccan kuma ya sa na kakansa. Ga kuma ranar haihuwa, wadda da yawa cikin dattawanmu aka rubuta musu 1 ga Janairu don a cike gurbi, wata shekarar a nan, wata a can. Idan aka samu saɓani fayil ɗinka zai tsaya, kuma zuwa ofis kullum ba zai motsa shi ba. Saboda haka kafin ka biya ko sisi, jera takardar NIN da fasfo da lasin a gabanka ka gwada su. In NIN ce ke da kuskure, a NIMC, hukumar da ke bayar da ita, ake fara gyarawa, a jira gyaran ya hau, sannan a nemi fasfo. In fasfon ne mai kuskure, wannan neman canjin bayanai ne, yana da nasa kuɗin da nasa takardun, ciki har da takardar rantsuwa ta kotu, canjin suna kuma har da sanarwa a jarida.

TAMBAYA: Ni direba ne, an ba ni aikin kai fasinja Maraɗi. Lasina bai isa ba, tunda duk ƙasar Hausa ce? (Daga Kurna)

AMSA: Bai isa ba, Malam. Lasin na tuƙi ne, kai kanka sai da takardar tafiya, ko ta Jibiya ka bi ko ta Maigatari za ka Damagaram. Don yawo a Afirka ta Yamma akwai takardar tafiya ta ECOWAS, wadda Hukumar Shige da Fice ke bayarwa, ta fi fasfo araha. Sai dai Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka mai zirga-zirga a wannan hanya ya fi samun kwanciyar hankali da fasfo a aljihu. Ka haɗa da katin rigakafin cutar shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa, da cikakkun takardun mota. Kamaru da Chadi dama ba sa cikin ECOWAS. Lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa shi ma izinin tuƙi ne kawai, ba ya maye gurbin fasfo.

TAMBAYA: Mahaifiyarmu ba ta tuƙi, amma an ce mu yi mata lasin don ta samu katin shaida mai araha. Ya kuka gani? (Daga wata malamar makaranta, Gwale)

AMSA: Kada ku yi, Malama. Lasin na gaskiya sai an je makarantar koyon tuƙi da hukuma ta amince da ita, an ci gwajin VIO, an ɗauki hoto da yatsu. Duk wanda ya ce zai kawo wa Hajiya har gida ba tare da wannan ba, akwai yiwuwar na jabu ne, lambarsa ba za ta fito a kwamfutar banki ba. Takardar NIN ko katin zaɓe sun wadatar da ita a banki da jirgin cikin gida. In kuna shirin kai ta Makka, ku tara kuɗin ku yi mata fasfo.

TAMBAYA: Na karɓi sabon fasfo, tsohon kuma akwai bizar Amurka mai rai a ciki. In yar da shi? Kuma wanne ya kamata in riƙa yawo da shi? (Daga Zoo Road)

AMSA: Kada ka yar, kuma kada ka ɓamɓare bizar, da ka taɓa ta ta lalace. Amurka tana karɓar biza mai rai a cikin tsohon fasfo idan ka haɗa da sabon, bayanan kuma iri ɗaya ne, don haka da su biyun za ka yi tafiya.

A cikin gari kuwa lasin ne na aljihu, fasfo na gida. Akwai ƙaramar na'ura a jikin fasfo mai ɗauke da bayananka, zama a kansa a aljihun baya ko jiƙewa da ruwan damina kan iya kashe ta. Ka sa shi a leda mai zif, ka ajiye inda ba laima, ka ɗauki hoton shafin bayanan a wayarka. In ya ɓata sai ka kawo rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa ta kotu, ga ƙarin kuɗi, bizar da ke ciki kuma sai ka sake nema daga farko. Lasin shi ma ka riƙa duba ranar ƙarewarsa, shekara uku ko biyar yake yi, kuma wanda ya mutu ba ya aiki a banki ko a gaban jami'an hanya. Ka fara sabuntawa tun da sauran wata ɗaya, domin takardar wucin gadi da ake bayarwa kafin katin ya fito kwana 60 take yi.