Filin Tambaya da Amsa: Sojan da ake bayarwa kyauta a taku na huɗu

Tambaya: Malam, ina buga wasan ces da wani abokina kullum bayan la'asar a majalisarmu ta Tudun Wada, nan Kaduna. Idan yana riƙe da fari, bayan tura sojoji zuwa gidajen e4 da e5, da fitar dawakai zuwa f3 da c6, da bishof-bishof zuwa c4 da c5, sai ya tura soja zuwa b4 ya bar mini shi a banza. Nakan cinye, amma ba a taku ashirin sarkina ya shiga uku. Shin in daina ci ne?

Amsa: Malam, abin da abokinka yake yi maka sunansa gambit ɗin Evans, wato sadaukar da soja domin a sayi lokaci. Wani kyaftin ɗin jirgin ruwa ɗan Wales, William Davies Evans, shi ne ya fito da shi, ya kuma doke Alexander McDonnell da shi a Landan a 1827. Kada ka ɗauka tsohon yayi ne, domin Garry Kasparov ya kayar da Viswanathan Anand da shi a Riga a 1995 cikin taku 25 kacal.

Ka lura da abin da fari yake saye da sojan nan. Da zarar bishof ɗinka ya ci b4, sai ya tura c3 ya kore shi, sannan ya tura d4, ya mamaye tsakiyar allo alhali kai kana ta yawo da ɗa guda. Daga nan sarauniyarsa takan hau b3 ta haɗa kai da bishof na c4, su biyun suna hararar gidan f7, wanda ba shi da mai gadi sai sarkinka kaɗai. Wani lokaci ɗaya bishof ɗin yakan zauna a a3 ya hana ka killace sarki (wato castling, takun da ke ɓoye sarki a gefe), kuma ina kyautata zaton a nan ne kake shan kashi.

Shawarata ita ce ka ci sojan, amma ka tsaya a guda ɗaya. Masu cin na d4 su zarce su ci na c3 sukan tara sojoji uku a gefen allo, rabin rundunarsu kuwa ba ta motsa daga gida ba, kwaɗayi kuma mabuɗin wahala ne.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce ta Emanuel Lasker, zakaran duniya daga 1894 zuwa 1921. Bayan c3, ka janye bishof zuwa a5. Idan ya killace sarkinsa ka tura d6, idan ya tura d4 ka mayar da bishof ɗin b6. Ka bar masa sojan e5 ke nan, amma idan ya karɓe shi ta hanyar musayar sarauniyoyi, harin ya mutu, shi kuma ya rage da sojoji warwatse a a2 da c3.

Idan abokin naka ya san wannan, zai riga ka da d4 tun a taku na shida, ya bi da sarauniya zuwa b3 bayan ka tura d6. A nan ka ajiye sarauniyarka a d7 ta tsare f7, ko da ta toshe wa bishof ɗinka na c8 hanya na ɗan lokaci.