Tambaya da Amsa: Tsohuwar Sienna da maganar kiranye

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Zariya. Na daɗe ina tara kuɗi, yanzu na samu Toyota Sienna ƙirar 2006 'yar Kwatano, har na ba da kafin alƙalami. Niyyata in riƙa ɗaukar iyali, ƙarshen mako kuma in ɗan taɓa haya. Sai ɗan yayana ya ce ya gani a intanet an sha yi wa motar kiranye a Amurka saboda matsala. In fasa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka fasa tukuna, amma kada ka cika kuɗin sai ka yi abin da zan faɗa maka.

Kiranye a harkar mota shi ne kamfani ya amsa cewa wani abu ya fito da aibi tun daga masana'anta, ya rubuta wa masu motar takarda su kawo a gyara kyauta. Da wuya ka samu motar da ta shekara 20 a titi ba a taɓa yi mata ba. Abin da ya dame ni shi ne takardar a Amurka ake aika ta, ga wanda sunansa ke rajista a can. Motar da ta hau jirgin ruwa ta sauka Kwatano, ta bi hannun dillalai uku kafin ta iso Zariya, babu mai rubuto maka komai. In mai ita na farko ya kai an gyara, ka huta. In bai kai ba, aibin yana nan tare da kai da 'ya'yanka.

Hanyar ganewa ba ta cin ko sisi. Leƙa ta gilashin gaba, ƙasa ta ɓangaren direba, za ka ga lambar shasi mai haruffa da lambobi 17. Akwai irinta a jikin ginshiƙin ƙofar direba, kuma dole su zo ɗaya da ta takardun kwastan. Ƙirga zuwa ta 10: in 6 ce, motar 2006 ce da gaske, 2004 tana da 4, 2010 kuma harafin A. Dillalai da yawa suna ƙara wa mota shekara da baki, ko da canjin fitila. Daga nan ka ba ɗan yayan naka lambar ya sa a shafin kiranye na hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, ko a shafin Toyota. Zai nuna kiranyen da ba a kammala wa wannan motar ba, amma ba lallai ya nuna tsofaffi sosai ba.

A ƙirar da kake nema, abu biyu nake so ka duba da idonka ko me shafin ya ce.

Na farko safaya. A Sienna ta 2004 zuwa 2010 ba a bayan but take ba, tana rataye a ƙarƙashin mota wajen ƙofar ja ta dama, wayar ƙarfe ce ke riƙe da ita. A jihohin Amurka masu sanyi ana zuba gishiri a titi don ya narkar da ƙanƙara, ruwan gishirin ya yi ta fantsama yana cin wayar. A 2010 Toyota ta yi kiranyen Sienna kusan 600,000 kan wannan, ta sake yi a 2014 saboda gyaran farko bai kashe matsalar ba. Ka yi tunanin taya ta ɓalle a hanyar Kaduna kana gudu, mai babur na binka a baya. Sa makanike ya kwance ta gabanka, ya sauke ta ƙasa, ku bi wayar da yatsa. In ka ga zarenta ya fara tsintsinkewa, ko tsatsa na zubowa kamar garin barkono, a canza abin gaba ɗaya. Tunda kun riga kun kwanta a ƙasan motar, ku haska bututun birki da ƙarafan da ke riƙe da ƙafafu. Motar da gishiri ya ci wayarta, da wuya ya bar sauran.

Na biyu giya. A 2013 an yi kiranyen Sienna fiye da 600,000, na 2004 zuwa 2005 da na 2007 zuwa 2009, saboda sandar giya tana iya fita daga P, wato giyar ajiye mota, ba tare da an taka birki ba. Taka 2006 ba ta cikin wancan jerin, amma gwajin minti ɗaya ne, kuma sandar a jikin dashbod take, daidai inda hannun yaro ke kaiwa. Tsaya a fili mai shimfiɗe, taka birkin ajiya da ke gefen ƙafar hagu, kunna mota, ɗage ƙafarka daga birki, ka gwada jan sandar. Ya kamata ta ƙi motsi. In ta biyo hannunka, a gyara kafin ta kwana a gidan da ke da yara.

Wani abu da ba kiranye ba ne amma zai taɓa aljihunka: injin 3.3 na 2004 zuwa 2006 da bel na taimin yake aiki, daga 2007 aka koma injin 3.5 mai sarƙa. In mai motar ba shi da shaidar ranar da aka canza bel ɗin, ɗauka ba a canza ba, ka sa kuɗinsa cikin ciniki. Duk abin da kuka gano, a rage maka shi a farashi, domin gyaran kyautar nan a wajen dillalan Toyota na Amurka ake yin sa. A nan ka shirya biya da kanka.

Tambaya: Ni uwa ce mai 'ya'ya 5 a Sakkwato, ina da Sienna 2012. Na ji ana cewa jakar iskar wasu motoci tana fashewa ta kashe mutum. Makanikena ya ce a cire ta kawai a huta. Me ka gani?

Amsa: Hajiya, abin da kika ji gaskiya ne. Kamfanin Takata na Japan ya yi jakunkunan iska da sinadarin amoniyam naitiret, wanda zafi da laima suke lalata shi a hankali cikin shekaru. Ranar haɗari, maimakon ya hura jakar, sai ya tarwatsa gwangwanin da yake ciki, ɓaraguzan ƙarfe su bugi fuska da wuya. An yi kiranyen jakunkuna kusan miliyan 67 a Amurka kaɗai, kamfanin kuma ya durƙushe a 2017. Sienna ta 2011 zuwa 2014 tana ciki, ta ɓangaren fasinjan gaba. Zafin Sakkwato ba sai na gaya miki ba.

Amma ban yarda a cire a bar wurin fanko ba. Ki fara duba lambar shasi, mai yiwuwa an riga an canza tun motar tana can. In ya nuna ba a yi ba, ki nemi sabon gwangwanin ta hannun dillalin Toyota mai izini. Kada ki karɓi na gwanjo daga 'yan kayan mota, domin wanda aka ciro daga wata tsohuwar motar yana iya zama irin wanda kike gudu. Kafin a samu, kowa ya koma baya, a bar kujerar gaba babu kowa. Ki kuma lura da fitilar jakar iska idan kin murɗa makulli: ta kama, ta mutu bayan 'yan daƙiƙu. Wadda ba ta kamawa sam, mai yiwuwa wani ya taɓa ta.

Tunda yara kike ɗauka, ki duba maganar ƙofa a lokaci guda. A 2016 an yi kiranyen Sienna ta 2011 zuwa 2016, sama da 700,000, saboda ƙofar ja mai lantarki tana iya buɗewa mota na tafiya. In ba a gyara taki ba, akwai maɓallin kashe lantarkin ƙofar kusa da sitiyari. Ki kashe, ki riƙa rufewa da hannu har ki ji ta kama.

Tambaya: Dashbod ɗin Sienna ta 2008 ya tsattsage, yana danƙo a hannu. Shi ma kiranye ne?

Amsa: A'a, Alhaji. Toyota ta taɓa canza wa mutane shi kyauta a wani shiri na ƙarin garanti, amma wa'adinsa ya wuce. Rana ce ke narka robar. Illarsa ita ce ƙyallin da yake yi a gilashi da tsakar rana har ya kashe wa direba ido. Sa mai ɗinkin kujera ya yanka maka baƙin kafet mara sheƙi, ya bar wurin jakar iskar fasinja a buɗe, kada ya manne shi da gam.