Tambayi Malam: Kada ki bari a wanke wayar

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina zaune a unguwar Ali Ɗan Sofo. Kwana uku ke nan ina buɗe shafin makarantarmu a wayata don in duba jerin sunayen da aka fitar, amma na bara yake nuna mini. In na je shiga da sunana kuma, sai ya yi ta juyi ya dawo da ni inda na fara. A wayar ƙawata komai na buɗewa, alhali rezo ɗaya muke. Wani mai gyara a kasuwa ya ce sai an wanke wayar gaba ɗaya, jikka biyu. In ba shi?

Hadiza, Maradi

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Kada ki ba shi. Wanke waya zai kwashe hotunanki da saƙonninki, a kan matsalar da ke da kanki za ki iya gyarawa cikin minti biyu.

Manhajar da kike shiga intanet da ita, Chrome ko Opera, tana da ɗan rumbu a cikin wayar da ake kira kash. Duk shafin da kika buɗe, sai ta ɗebi hotunansa da wasu sassansa ta zuba a ciki, don gobe ba sai ta sake jawo su daga nesa ba. Abu ne mai amfani, musamman gare mu da muke lissafin kowane mega. Sai dai wani lokaci makaranta ta sauya shafinta, manhaja kuwa tana ta ɗebo miki tsohon hatsi daga rumbu. Na fi zaton abin da ya sa kike ganin jerin bara ke nan.

Juyin da yake yi in za ki shiga kuwa, ya fi kama da aikin kukis. Kin san ɗan katin da mai tsaron babura yake ba mutum a bakin Babbar Kasuwa? Haka suke. Shafi ne yake ba wayarki ƴar shaida don ya gane ki in kin dawo. Tun 1994 wani injiniya a kamfanin Netscape, Lou Montulli, ya ƙirƙiro su. In katin ya tsufa ko ya lalace, shafi ya ƙi karɓa, sai ki yi ta zagaye a bakin ƙofa.

Kafin ki goge komai, ki gwada. Taɓa ɗigo ukun nan na sama a Chrome, ki zaɓi “Nouvel onglet de navigation privée”, ki buɗe shafin a can. Wannan ba ya amfani da tsofaffin ajiyarki. In ya buɗe lafiya, mun kama ɓarawon. In bai buɗe ba, duba kwanan wata da agogon wayar, don in sun kauce shafuka da yawa ba sa yarda su buɗe.

In kuwa ya buɗe lafiya a can, sai ki koma ɗigo ukun, ki shiga “Supprimer les données de navigation”. Zaɓi lokaci mafi tsawo, ba minti 15 ba, ki sa alama a kan “Images et fichiers en cache” kaɗai, ki goge. Babu abin da za ki rasa.

A kan kukis ne nake son ki tsaya ki saurare ni. Goge su duka yana fitar da ke daga yawancin shafukan da kika shiga ta manhajar, sai kin sake sa kalmar sirri. Mu kuma a garin nan mutane da yawa wani ne ya buɗe musu imel ko Facebook, ba su taɓa sanin kalmar sirrinsu ba. Lokacin da nake riƙe da ɗakin intanet, wani dattijo mai sayar da atamfa ya zo mini ransa a ɓace. Ɗansa ya goge masa komai da kyakkyawar niyya, layin da aka buɗe imel ɗin da shi ya ɓata tuntuni, yaron da ya buɗe masa kuma ya tafi Agadas. Mun yini muna fama, ba mu dawo da shi ba. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Don haka na shafin makarantar kaɗai za ki goge. Buɗe shafin, taɓa ƴar alamar da ke hagun adireshinsa, shiga wurin kukis, ki share. Amma sai kin tabbata kin san sunan shigarki da kalmar sirrinki, kin rubuta su a littafin da ke kaɗai kika san inda yake.

Bayan kin gama, buɗewar farko za ta ɗan yi nauyi, ta ci mega fiye da yadda ta saba, don ana sake cika rumbun ne. In har yanzu jerin bara kike gani, ki sake rubuto mini, ki faɗa mini ainihin abin da ya fito a fuskar wayar.