Zan bi abokai yawon babur a ƙasar waje, amma ni ba na gudu

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah shawara nake nema. Mu shida ne abokai masu hawa manyan babura, bana mun shirya zuwa Italiya mu yi hayar mashin mu zaga cikin duwatsu, to ni duk cikinmu ni ne mai tafiya a hankali, ina tsoron kar in zame musu kaya. In je ko in haƙura? Kuma wace takarda zan tanada?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Ka je, wallahi ka je, amma tun kafin ku hau jirgi ku zauna ku shida ku yi magana ta gaskiya kan wa zai zama madugu, wa zai tsaya a baya. Mai hawa a hankali bayan madugu ake sa shi, na biyu a layi, wanda ya fi kowa ƙwarewa shi ne a ƙarshe yana kallon kowa. In aka bar ka can baya za ka yi ta murɗa mai don ka kamo su, kuma nan ne ake faɗuwa.

Na gani da idona a hanyar Stelvio, wadda na tabbata tana cikin lissafinku tunda duwatsun Italiya ka ce. Ƙololuwarta mita 2,757 ce sama da matakin teku, ta ɓangaren arewa kwana 48 ne masu lanƙwasa kamar ƙugiya, kowace da lambarta, kuma tun 1825 aka gama gina ta, lokacin keken doki ake bi da shi, shi ya sa take da matsi haka. Wani abokin tafiyarmu ya ga an ba shi rata sai ya shiga kwana da giya ta uku, ga motar yawon buɗe ido ta taho daga sama, ya damƙe birkin gaba, mashin ya kwanta masa a ƙafa. Bai karye ba Alhamdulillah, amma har yau ina tuna yadda hannunsa ke rawa ya kasa kwance igiyar hular kwano, sai da na kwance masa. Daga nan muka sa shi na biyu, kuma shi ne ya fi kowa jin daɗin sauran kwanakin.

A irin wannan kwanar ka sauko giya ta ɗaya ko ta biyu, ka ɗan taka birkin baya, idonka ya tafi inda za ka fita, kar ka kalli bakin rami. A gangara kuma ka bar injin ya riƙe ka, in ka dogara da birki kaɗai zai yi zafi ya saki. Ka tafi da rigar sanyi da safar hannu mai kauri ko da rani ne a can, saman dutsen sanyi ne sosai, kuma ana rufe hanyar duk lokacin ƙanƙara, galibi sai wajen Yuni zuwa Oktoba ake samunta a buɗe.

Takardu kuwa: fasfo da bizar Shengen (bizar shiga yawancin ƙasashen Turai, har da Italiya), lasisinka wanda ya nuna izinin babban babur, da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, ka haɗa su biyun don ɗaya ba ya aiki shi kaɗai. Ka karanta inshorar kamfanin haya da kyau, ka ɗauki hoton duk wani ƙwarzane a jikin mashin kafin ka karɓi makulli. Sannan ku yi yarjejeniya duk mararraba a tsaya sai an ga fitilar na ƙarshe a madubi.