Fanel ɗin da ke ɗinke kansa

Jiya muna cikin ɗaure fanel, wato allunan bango masu tare zafi, a ɗakin sanyin mai kifin nan ka ce mini, "Maigida, na gani a waya an ƙera fanel da in ya tsage yake ɗinke kansa, to ina amfanin wannan wahala ta bin kowace gaɓa da silikon?" Hannuna na kan aiki shi ya sa na ƙyale ka. Zauna ka ji, yaro.

Maganar tana da tushe. A 2001 wasu masana a Jami'ar Ilinois ta Amurka, su Scott White da Nancy Sottos, suka cuɗa wata roba mai tauri da 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi, kowace da ruwan gam a cikinta. Tsaga na ratsowa sai ta fasa ƙwayar, ruwan ya malala cikin tsagar, ya gamu da wani sinadari da aka barbaɗa a jikin robar, ya daskare. Ka san dakwara, in an sare ta ƙaro ya tsattsafo ya rufe wurin? To haka. Robar ta maido kusan kashi 75 cikin 100 na ƙarfinta. Sai dai ƙwayar da ta fashe ta fashe ke nan, in wurin ya sake tsagewa babu sauran gam. Akwai wata robar da ke warkewa sau da yawa, amma sai an gasa ta ta kai wajen digiri 120. Wa zai gasa ɗakin kifi?

Yanzu dubi guntun fanel ɗin da ke gabanka. Kwano biyu ne da soso a tsakani. Abin da ke tare zafi shi ne iskar gas da ke kulle cikin 'yan ramukan soson. Ruwa kuwa ya ninka iska fiye da sau 20 wajen wuce da zafi. Danshin waje kullum neman hanyar shiga wurin sanyi yake, ya bi ta gaɓar da ka yi wa ha'inci, ya zama raɓa cikin soso, ya daskare, ya kumbura, ya ɓamɓare soson daga kwano. Na taɓa cire wani fanel a tsohon ɗaki, wanda da sabo ne kai kaɗai za ka saɓa, mu uku muka yi nishi kafin ya ɗagu, ruwa na ɗiga ta ƙasansa. Mai ɗakin yana ta zagin kwamfiresa, injin da ke sanyaya ɗakin, wai yana shan wuta ba ya hutawa. Wane gam ne zai matse wannan ruwan ya fitar?

Haka siririn allon nan da aka zuƙe wa iska aka naɗe da takardar alminiyam, wanda ake sa wa wasu firji da akwatin allurar rigakafi. Ƙusa ɗaya ta huda shi, zafin da ke ratsa shi ya ninka kusan sau 5. Ko hujin ya like kansa, iskar da ta riga ta shiga tana nan ciki. Inda nake ganin dabarar za ta yi rana shi ne tsaga mai kamar silin gashi a jikin fenti ko takardar naɗi, wadda ido ba ya gani, a rufe ta tun danshi bai sami ƙofa ba. In irinsa ya iso kasuwa da kuɗin da mai kifi zai iya biya, ni ma zan saya.

Kusurwar bayan ƙofa ka tsallake ta jiya, na sa yatsa na ji. Ɗauko silikon, ka goge ƙurar tukuna, da ita za ka fara.